Kafin mu zuba iri a ƙasa: tsokaci kan shukar masara da abincin dabbobi

Assalamu alaikum Malam Edita, barka da aiki, ya jama'a ya zafin bazara. Dan Allah ka ɗan ba ni fili a wannan shafi na wasiƙu in yi magana da ƴan uwana manoma, musamman masu noma masara kuma suna da ƴan dabbobi a bayan gida, wanda in ka duba kusan dukkanmu ne. Ni ba malamin gona ba ne, manomi ne kawai daga ƙasar Lere nan wajen Saminaka, na gaji noma wajen mahaifina Allah Ya jiƙansa, na kuma ɗan yi zama da malaman gona na ɗauki abin da na ɗauka, sauran kuma asara ce ta koya min.

Abin da ya sa na rubuto yanzu ban bari sai an jima ba, na lura ku ƴan jarida ba ku cika tuna manomi ba sai watan Agusta in ambaliya ta ci gonaki ko kuma da kaka in ana maganar farashin buhu, alhali lokacin aikin gama ya riga ya gama. Shawarar noma a watan Afrilu da farkon Mayu take da amfani, lokacin da mutum yake sharar gona yana lissafin kuɗin iri da taki, bai riga ya zuba komai a ƙasa ba.

Zan fara da ruwan farko, don shi ne ya fi cutar da mu. Ka san halinmu, da zarar hadari ya haɗo an yi ruwa ɗaya mai ƙarfi ƙasa ta yi ƙamshi, sai kowa ya rikice, ka ga mutane da asuba da sungumi a kafaɗa kamar ana rabon wani abu, kowa na tsoron kar maƙwabcinsa ya riga shi. Ni kaina na taɓa yi. Wata shekara aka sheƙa ruwa a ƙarshen Afrilu har kwata ta cika, washegari na kwashi yara muka shuka kusan hekta guda da irin da na saya da tsada, masara ta fito gwanin sha'awa layi-layi, ina zuwa ina kallo ina jin daɗi, daga nan sama ta ɗauke cak kusan sati uku ba ko yayyafi. Ina gani ganyen ya naɗe kamar tabarma, ya koma fari-fari, ya kwanta. Wanda bai mutu ba ya zama ɗan tsurut, kuma shi ne ya fi ban haushi don ba ka iya huɗe shi ba ka iya barinsa. Sai da na sake sayen iri. Wani dattijo maƙwabcin gonata, wanda na riƙa yi wa kallon mai nawa, bai shuka ba sai da damina ta zauna a ƙarshen Mayu, kuma ya fi ni cika rumbu nesa ba kusa ba. Abin da ya gaya min lokacin, ba shi da wani sirri illa yana tona ƙasa da hannu, in danshi bai kai tsawon tafin hannunsa ba har wuyan hannu to bai yarda ba, kuma yana so a yi ruwa mai kyau biyu ko uku kusa da juna tukunna. Gero ne ake wa binne ya jure, ita masara ba ta da wannan haƙurin.

Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, wato NiMet, tana fitar da hasashen damina duk farkon shekara, jiha-jiha har da ƙananan hukumomi, da lokacin da ake sa ran ruwa zai zauna da lokacin ɗaukewarsa da inda ake tsoron fari a tsakiya. Gaibu sai Allah, wannan ba mai musu, amma hasashen yana taimakawa wajen zaɓen iri, matsalar dai a Abuja yake fitowa bai cika isowa gare mu ba. Me zai hana ku riƙa kawo mana na jihohinmu da Hausa kuna bugawa? Wannan kaɗai ya isa ku ci lada.

Sai iri. Nan ma akwai kuka. Ranar kasuwa sai ka ga an baza masara an rina ta da jan kala an ɗura a leda mai hoto ana cewa ingantaccen iri ne, alhali tsabar ci ce kawai aka shafa wa launi. An taɓa yi min, ba zan kama suna ba, amma rabin ramukan ba su fito ba. Tun daga nan duk irin da zan shuka sai na gwada shi, kuma gwajin ba ya cin ko sisi: ka ƙirga ƙwaya ɗari, ka jiƙa tsohon buhun algarara ko tsumma, ka jera su ka naɗe ka ajiye a inuwa kana yayyafa ruwa, bayan kwana biyar zuwa bakwai ka buɗe ka ƙirga waɗanda suka tsiro. In ka ga tamanin da biyar zuwa sama ka shuka da kwanciyar hankali, in kuma ya yi ƙasa sosai to ka san abin da ke hannunka tun kafin ka ɓata kwadago. A yi wannan sati biyu kafin shuka, ba ranar shuka ba.

Kuma a san bambancin iri. Akwai haibirid, wanda yake ba da amfani mai yawa in ya samu taki amma ba a ɗebo iri daga cikinsa a sake shukawa baɗi, in ka yi haka za ka ga gona ta fito wani dogo wani gajere kamar ƴan makarantar allo. Akwai kuma wanda ba haibirid ba da za ka iya ajiye irinsa ka maimaita shekara biyu ko uku in ka zaɓi goyo masu kyau daga tsakiyar gona. Cibiyar binciken noma ta IAR da ke Samaru a Zariya, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ita ke fitar da irin da ake kira SAMMAZ da lambobi daban-daban, akwai mai saurin nuna na wajen da damina gajera ce, akwai mai jure fari, akwai mai jure wuta-wuta irin SAMMAZ 15. Mutumin Katsina ko Daura da ruwansa ke zama a Yuni ya ɗauke da wuri, bai kamata ya kwaikwayi mutumin Saminaka ko Kaciya ya ɗauki irin da ke cin wata huɗu ba. A watan Janairun 2024 gwamnati ta amince da irin TELA, su SAMMAZ 72T zuwa 75T, waɗanda aka sauya wa halitta don su jure tsutsa, an yi ta cece-kuce a kai har yau ba a gama ba, wannan kowa ya bi abin da hankalinsa ya kwanta da shi, ni dai roƙona mai sayarwa ya faɗa wa manomi gaskiyar abin da yake sayar masa.

Maganar tazara kuwa, waɗanda suka yi zamani da shirin bunƙasa noma na Sasakawa da ya shigo ƙasar nan a 1992 sun san ta. Santimita 75 tsakanin kunya da kunya, santimita 25 tsakanin rami da rami, ƙwaya ɗaya a rami, ko kuma santimita 50 ƙwaya biyu, duk lissafin ɗaya ne, ya kama tushe dubu 53 da ɗoriya a hekta, iri kuma kilo 20 zuwa 25. Lokacin da aka fara kawo wannan tsarin dattawa dariya suka riƙa yi wai ƙwaya ɗaya kamar ana rowa, su sun saba da taku guda a watsa huɗu ko biyar a rami. To biyar ɗin nan kokawa suke yi da juna a kan abinci ɗaya, a ƙarshe ka samu kara biyar goyo biyu. Zurfin rami kamar gaɓa biyu na yatsa ya isa, a taka a rufe da kyau saboda tsuntsu da ɓera. Ni igiya nake ɗaure wa ƙulli-ƙulli in ba yara, don in ka bar su da ido to rabin gonar tazarar gajiya za su yi maka.

Taki shi ne inda kowa ke dafe kai. Abin da malaman gona ke cewa na hekta ɗaya shi ne kamar buhu takwas na kamfa 15-15-15 da buhu biyu da rabi zuwa uku na yuriya, to Malam Edita wa ke da wannan kuɗin yanzu? Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya tashi, kuɗin tarakta, kuɗin ɗauko taki, kuɗin ƴan kwadago, sannan aka buɗe ƙofar shigo da hatsi ba haraji a 2024, masara ta faɗi a kasuwa taki kuma bai faɗi ba, mutane da yawa sun sayar da amfani bai mayar musu da abin da suka kashe ba, shi ya sa za ka ji wasu na rantsuwa sun bar masara sun koma waken suya da dawa. Ban ga laifinsu ba. Amma wanda zai yi, shawarata gara ka noma rabin hekta ka ciyar da ita ta ƙoshi da ka baza buhu biyu a hekta biyu ka tashi ba wan ba ƙanin. Kuma ɗan wanda ka samu ɗin kar ka watsa shi a sama kamar kana ba kaji tsaba. Kamfa a sa shi cikin kwana goma zuwa sati biyu da shuka, a yi ɗan rami gefen tushe kamar faɗin yatsu uku a zuba a rufe. Yuriya kuma sati huɗu zuwa shida, lokacin da masara ta kai gwiwa, ƙasa da danshi, ita ma a binne, don yuriya in ta kwana a fili rana ta buga ta iska take bi, in kuma ruwa mai ƙarfi ya zo ya wanke ta zuwa gonar na ƙasa da kai, ka yi masa sadaka ba da niyya ba. Sannan a yi noman firi kafin a sa taki, in ba haka ba ciyawa ka yi wa hidima. Sati shida na farko in ciyawa ta rufe masara ko ka nome daga baya ba ta dawowa daidai.

Takin gargajiya kuma kar a raina shi, kashin shanu da na tumaki da na kaji da shara da toka, a kai gona tun yanzu a rani a baza kafin huɗa, wanda ya ruɓe ba ɗanye ba. Gonar da ke shan wannan duk shekara ko wuta-wuta ba ta cika samun sakewa a cikinta ba, don ita wuta-wuta gajiyayyiyar ƙasa take so. In ta fito a cire ta kafin ta yi fure a ƙone, a kuma riƙa juya gona, bana masara baɗi waken suya ko gyaɗa.

Tsutsar nan mai cin masara da ta shigo mana a 2016 ta zama ƴar gida, ba inda za ta. Kuskuren da muke yi sai mun hango gona ta yi fata-fata daga bakin hanya sannan mu ruga sayen magani, lokacin ta girma ta shige can cikin ƙoƙon masarar magani ba ya isa gare ta. Daga sati biyu da fitowa ka riƙa shiga gona da sassafe kana leƙa tsakiyar ganye, in ka ga ƴan huji-huji kamar an kankare ganyen da wani abu kamar garin katako to ita ce. A yi feshi da sassafe ko da yamma lis, a saita bakin famfon cikin ƙoƙon, ba tsakar rana ba. Mai ƴar ƙaramar gona ko toka da yashi ya zuba a ƙoƙon yana ragewa. Kuma dan Allah a daina ba yara ƙanana famfon feshi ba takalmi ba abin rufe hanci, a daina wanke shi a rafin da ake sha.

To yanzu ga ainihin abin da ya sa na ɗauki waya na yi wannan dogon rubutu. Duk lissafin da muke yi a watan Mayu na buhun masara ne, ba mai tuna cewa a watan Maris mai zuwa akwai bakuna a bayan gida da za su riƙa kuka. Sai rani ya tsananta, saniya ta rame har kana ƙirga haƙarƙarinta, tunkiya ta haihu ba nono, awaki na cin leda a bola, sannan mu fara yawon neman harawa ana gaya mana kuɗin ɗauri ɗaya kamar za mu yi kuka. Na taɓa sayar da rago biyu a bazara a farashin banza don dusa ta gagare ni, wanda ya saya ya riƙe su wata biyu kawai ya sayar a kasuwar layya kusan ninki. Kuma ku lura shekarun nan babbar sallah tana faɗowa ne a Mayu zuwa Yuni, wato duk mai kiwon layya a tsakiyar tsananin rashin ciyawa zai yi kiwonsa. Abincin wannan lokacin kuwa da damina ake shuka shi, tare da masara.

Abin da nake yi yanzu, bayan maimai, masara na da kamar sati biyar zuwa shida, sai in bi tsakanin layuka in zuba wake mai yaɗo irin kanannado, ko lablab in na samu irinsa. Lablab ɗin nan wani irin wake ne mai yaɗo da ganye mai yawa, cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika ta daɗe tana aiki a kansa, abin da na fi so da shi yana zama kore bayan an cire masara, lokacin da komai ya fara bushewa shi yana nan yana hawa kara. In ka shuka shi rana ɗaya da masara zai danne ta, shi ya sa ake jinkirta shi. Wanda kuma ya yi feshin maganin ciyawa irin atirazin ya yi hattara, wannan maganin ba ya shiri da dangin wake, ya tambayi malamin gona tsawon lokacin da zai jira kafin ya zuba. Mai gona da ɗan faɗi ya ware ko kwata ne ya sa gyaɗa mai ganye, ya ci ƙwaya ya ci harawa, ƙasar ma ta huta don dangin wake suna ƙara mata ƙarfi. Bakin iyaka kuma maimakon a bar shi tofa ta cinye, a dasa gamba, ga abincin shanu ga zana ga tare zaizaya. Kyasuwa da harkiya da muke nomewa muna zubarwa, in an yanka su suna ɗanyu kafin su tsufa aka shanya, abinci ne mai kyau, amma in aka bari suka bushe a tsaye sun zama tsinke.

Wannan fa ba sabon abu ba ne. Tun a shekarun 1980 masu bincike na cibiyar kiwon dabbobi ta Afirka, wato ILCA, suka yi aiki da Fulani makiyaya a wajen Kaciya, ana killace fili kamar hekta huɗu a shuka wata ciyawa dangin wake da ake kira sitailo, a hana dabba shiga da damina, sai rani a riƙa sakin masu tatsa da masu rauni na ƴan awoyi kullum. Yau ga shi an kafa ma'aikatar kiwo ta tarayya tun 2024, ana ta taro a otal ana maganar makiyaya su zauna wuri ɗaya, to su zauna su ba shanun me? Ni a ganina in da za a kawo irin ciyawa kasuwannin ƙauye a watan Mayu yadda ake kawo irin masara, a farashin da talaka zai iya, da an rage rabin rigimar da ake yi a kan shiga gona. Yanzu ka zagaye kasuwarmu kaf ka ce kana neman irin lablab, sai a tsaya ana kallonka.

Wajen adanawa ma muna asara. Harawa a yanke ta ganye na kore bai fara zuba ba, a bar ta ta sha iska kwana biyu ko uku ana juyawa, a ɗaure a ɗora a rumfa ko bisa itace inda ruwa da gara ba sa kaiwa, in da hali a rufe, don wadda ta shekara a rana tana komawa fara amfaninta ya ragu. Karan masara da an cire goyo a sare a tattara a jingine, kar a bar shi a gona har Disamba iska ta kakkaɓe ganyen. In za a bayar a sassara shi ƙanana a yayyafa ruwan gishiri ko kanwa a haɗa da ɗan dusa ko ƙowa, za ka ga sun cinye tas maimakon su tsinci ganye su tattake sauran. Amma kar a kwashe gona ƙarƙaf a bar ta tsirara, a bar mata wani abu, ko kuma a mayar mata da takin dabbobin da suka ci. Duk abin da ya yi fumfuna, hatsi ne ko harawa, kar a ba dabba, balle mai ciki ko wadda ake tatsa. Sai gyauron dawa, wannan kowane makiyayi ya sani amma yaranmu na yanzu ba su sani ba, ɗanyen tohon dawa ƙarami musamman wanda fari ya taɓa yana kashe dabba nan take, na ga akuya ta ci da hantsi kafin azahar ta kumbura ta mutu.

Masu shanun madara da ke da ɗan ƙarfi akwai kuma hanyar da ake yanke masara gaba ɗaya da goyonta lokacin da ƙwayar ta fara tauri ba ta bushe ba, a daddatsa, a danna a rami ko durom a tattake sosai har iska ta fita, a rufe da leda a bi da ƙasa, bayan kamar sati uku ta yi tsami mai ƙamshi, tana iya kaiwa rani in ba a bar iska ta shiga ba. Na ga an yi a wata gona wajen Zariya, na sa hannu na shinshina, shanu na rububinta. Ban gwada da masara ba tukunna, gaskiya zuciyata ba ta iya sare masara mai goyo in ba saniya, mutanen gida ma sai su ce na taɓu, amma bana ina da niyyar gwada durom ɗaya da ciyawa in gani.

Roƙona gare ku, ku ware mana ko rabin shafi ne duk mako daga yanzu har Yuli, ku nemo malaman Samaru da na Shika su amsa tambayoyin manoma da Hausa, a sa a rediyo da WhatsApp ma don ba kowa ke karatu ba. Malamin gona ɗaya ne ke yawo a ƙauyuka barkatai a wajenmu, babur ɗinsa ma ya fi zama wajen bakanike. Ni tambayata ta farko in an buɗe shafin, ina ake samun irin lablab na gaskiya a kusa da mu, kuma mudu nawa ke isar hekta in za a sa shi cikin masara?

Na gode Malam Edita, a gaida ma'aikata. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu da fari da ambaliya, Ya kawo mana zaman lafiya mu iya zuwa gonakinmu na nesa.

Naku,
Wani manomi mai ɗan kiwo, daga ƙasar Lere, Jihar Kaduna.